Wace manhajar horon ces da rumbun wasanni ta dace da kwamfutar cinya mara ƙarfi?

Wani ɗan'uwa mai sha'awar wasan ces (chess) ya rubuto yana cewa yana da tsohuwar kwamfutar cinya mai RAM (ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi) gigabait 4 da furosesa (na'urar lissafin kwamfuta) samfurin Celeron, kuma yana so ya fara horo da gaske: ya adana wasanninsa, ya duba wasannin gwanaye, ya gano kurakuransa, ya kuma yi atisaye kullum. Damuwarsa ita ce an ce masa sai da manhajar ChessBase, wadda ake saye da kuɗi, da kwamfuta mai tsada ake wannan aiki, don haka yake tambaya ko akwai abin da na'urarsa za ta iya ɗauka.

Malam, da farko ka kwantar da hankalinka, domin kwamfutarka ta isa ta yi maka duk abin da ka lissafa, muddin ka ɗora mata kaya daidai ƙarfinta. A shekarar 2006 manhajar Deep Fritz ta doke zakaran duniya na lokacin, Vladimir Kramnik, da ci 4 da 2 a birnin Bonn na Jamus, kuma a kan kwamfuta irin wadda ake saye a kasuwa take aiki. Bayan shekara uku, a 2009, manhajar Pocket Fritz 4 da ke aiki a cikin wayar hannu ta lashe gasar Copa Mercosur a Buenos Aires da maki tara da rabi cikin goma, alhali tana duba ƙasa da yanayi 20,000 na allo a daƙiƙa ɗaya. Kwamfutar da kake ganin ta tsufa ta ninka waccan wayar sauri sau da yawa, injinan yau kuma sun fi na wancan zamani iya wasa nesa ba kusa ba. Saboda haka ƙarfin lissafi ba shi ne matsalarka ba, kana da shi har da rara. Abin da ke durƙusar da ƙaramar kwamfuta shi ne rumbun wasanni da ya fi ƙarfin RAM ɗinta, da inji da aka saita ba daidai ba, da kuma manhajoji masu nauyi da ake buɗewa a lokaci guda.

Kafin zaɓe, yana da kyau ka gane cewa abin da mutane ke kira manhajar ces abu uku ne daban-daban da aka haɗa a jaka ɗaya. Akwai rumbu, wato wurin da ake adana wasanni da bincika su. Akwai inji, wanda ba shi da allo ko hoto, aikinsa kawai ya karɓi yanayin wasa ya faɗi takun da ya fi kyau. Akwai kuma manhajar horo, wadda ke ba ka matsaloli da abokin karawa. Tun daga shekarar 2000, lokacin da Stefan Meyer-Kahlen da Rudolf Huber suka fitar da ƙa'idar UCI, kusan kowane inji yana iya aiki a cikin kusan kowace manhaja, kamar yadda PGN, tsarin rubuta wasanni a fayil na Steven Edwards, ya sa ake iya ɗaukar wasa daga wannan manhaja zuwa waccan tun tsakiyar shekarun 1990. Amfanin wannan a gare ka shi ne ba sai ka nemi manhaja ɗaya mai yin komai ba, kana iya zaɓar mafi sauƙi a kowane ɓangare.

A ɓangaren rumbu shawarata ita ce Scid vs. PC, kuma ina faɗin haka ba tare da jinkiri ba. Asalinta manhajar Scid ce da Shane Hudson ya fara rubutawa a ƙarshen shekarun 1990, sai Steven Atkinson ya cire reshe daga gare ta a 2009 ya ci gaba da gyara shi. Dukansu kyauta ne, suna aiki a Windows da Linux da Mac, kuma an gina su a zamanin da kwamfutoci ba su kai taka ƙarfi ba, wanda shi ne sirrin saurinsu. Hanyar da Scid ke ajiye wasanni ita ce ta raba rumbu gida uku: fayil ɗaya na fihirisa, ɗaya na sunayen 'yan wasa da gasa, ɗaya kuma na takun wasannin kansu a matse. Fihirisar ce take ɗauka ta sa a RAM, kuma fihirisar wasa miliyan ɗaya ba ta kai megabait 100 ba, don haka neman wasannin wani ɗan wasa ko na wata shekara yana fitowa kusan nan take. Tsarin da Scid vs. PC ke amfani da shi yana ɗaukar wasa sama da miliyan 16 a rumbu ɗaya, adadin da ba za ka taɓa buƙata ba.

Zan yi maka gaskiya a kan aibinta: fuskarta ta tsufa, kuma ranar farko za ka ji kamar an jefa ka cikin ɗaki mai ƙofofi da yawa. Amma ƙofa huɗu ko biyar kawai za ka riƙa bi. Akwai tagar bishiya, wadda ke nuna maka duk takun da aka taɓa yi daga yanayin da ke kan allo, sau nawa aka yi kowanne, da yadda sakamakon ya kasance. Akwai binciken yanayin allo da binciken ƙwayoyin da suka rage, wanda da shi za ka iya cewa a kawo maka duk wasan da ya ƙare da doki a gefe ɗaya da sojoji uku a ɗaya gefen. Akwai rahoton buɗe wasa da rahoton ɗan wasa, waɗanda su ne ake shirin gasa da su. Sannan akwai tagar gyaran rumbu, inda ake goge wasannin da suka shigo sau biyu a kuma daidaita rubutun sunaye. Idan fuskar kwamfutarka ƙarama ce, kamar yadda galibin irin waɗannan suke, ka rufe duk tagar da ba ka aiki da ita, musamman tagar bishiya, domin ita ce ke sake lissafi a duk takun da ka yi, kuma ita ce abu mafi nauyi a cikin manhajar idan rumbu ya yi girma.

Idan ka gwada ta mako biyu ka ji ba ta shige ka ba, ChessX ce ta biyu a wurina. Ita ma kyauta ce, fuskarta ta fi kyan gani, kuma ta fi daɗin rubuta sharhi a kan wasa. Sai dai da fayilolin PGN ta fi aiki, kuma a nan ne ya kamata ka fahimci wani abu da ke ɓata wa mutane da yawa rai. Fayil ɗin PGN rubutu ne tsantsa, ba shi da fihirisa, saboda haka sai manhaja ta karanta shi tun daga farko kafin ta san abin da ke ciki. Wasa dubu biyu ko dubu goma ba matsala ba ne, amma wasa miliyan biyu a PGN zai sa ka zauna jira, musamman idan faifan ajiyarka irin mai juyawa ne. Ƙa'idar da nake bi ita ce babban rumbu na gwanaye ya zauna a tsarin Scid, wasannina da na ɗalibaina kuma in riƙa fitar da kwafinsu a PGN lokaci-lokaci, domin shi ne tsarin da kowace manhaja ke karantawa, kuma shi ne zai tsira ko da manhajar da kake so ta daina samun masu kula da ita.

Game da ChessBase da aka ambata maka, ba zan rage mata daraja ba. Kamfanin yana birnin Hamburg, yana wannan aiki tun shekarun 1980, kuma babban rumbunsa na Mega Database ya haura wasa miliyan goma, da dubban wasanni masu sharhin gwanaye, abin da ba za ka samu kyauta a tsare haka ba. Ƙwararren da ke cin abinci da wannan wasa yana da dalilin saye. Amma kai da ke da RAM gigabait 4, sabbin fitowarta tare da wannan babban rumbu za su yi wa na'urarka nauyi, kuma za ka biya kuɗin kayan aikin da yawancinsu ba ka kai ga buƙatarsu ba tukuna. Ka kuma sani cewa tsarin fayilolinta nata ne na kanta, Scid ba ta buɗe su kai tsaye, sai an fitar da wasannin zuwa PGN. Idan wani ya aiko maka da fayil a tsarinsu, akwai ChessBase Reader da kamfanin ke bayarwa kyauta don karantawa.

To, ina za ka samo wasannin da za ka zuba a rumbun? Mark Crowther yana fitar da The Week in Chess duk mako tun 1994, kuma kowace fitowa tana ɗauke da dubban wasannin gasa na wannan makon a ƙaramin fayil da ake saukewa kyauta. Idan ka tara na shekara biyar ko goma ka shigar da su Scid, ka samu rumbu mai tsabta na wasannin da aka buga a gaban allo, wanda ya ishe ka sanin abin da ake yi yanzu a kowace hanyar buɗe wasa. Abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne rumbun wata-wata na Lichess, shafin buga ces a intanet. Yana da amfani ga masu bincike, amma fayil ɗin wata ɗaya kaɗai yana ɗauke da wasa miliyoyi masu yawa, nauyinsa gigabait gommai ne tun yana a matse, kuma mafi yawansu wasannin gaggawa ne na masu koyo. Na taɓa ganin ɗalibi ya kwana yana jiran irin wannan fayil ya buɗe, daga ƙarshe faifansa ya cika, bai kuma samu wasa ɗaya da zai koya masa abu ba. Wasa dubu ɗari biyar na 'yan wasa masu ƙarfi sun fi maka miliyan hamsin na kowa da kowa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Yanzu ga inji, inda nake so in daɗe kaɗan, domin a nan ne ake yawan kuskure. Stockfish shi ne zaɓi, kyauta ne, kuma yana cikin mafi ƙarfin injinan duniya. Tord Romstad da Marco Costalba da Joona Kiiski ne suka kafa shi, ya fito a 2008 daga injin Glaurung, kuma tun fitowa ta 12 a watan Satumba na 2020 yake amfani da ƙaramar ƙwaƙwalwar roba mai suna NNUE wadda furosesa kaɗai ke gudanarwa, ba ta buƙatar katin hoto. Wannan ya bambanta shi da Leela Chess Zero, wadda ba ta nuna ƙarfinta sai da katin hoto mai kyau, saboda haka ita ka bar ta sai gaba.

Kuskure na farko yana faruwa tun wurin saukewa. Ana fitar da Stockfish iri-iri gwargwadon umarnin da furosesa ke ganewa. Mafi yawan kwamfutocin da aka ƙera bayan 2013 suna gane rukunin umarni mai suna AVX2, amma ƙananan furosesa irin Celeron da Pentium da Atom da yawa ba sa ganewa, ko da sababbi ne a shekaru. Idan ka ɗauko nau'in AVX2 ka sa a irin wannan na'ura, injin zai ƙi tashi ko ya mutu da zarar ka kunna shi, sai ka ɗauka kwamfutarka ce ta gaza. Ka duba furosesarka da ƙaramar manhajar CPU-Z a Windows, ko umarnin lscpu a Linux, idan ba ka ga AVX2 ba ka ɗauki nau'in da ke ɗauke da sunan SSE4.1 da POPCNT. Ƙarfin wasansu ɗaya ne a tunani, sauri ne kawai ya bambanta.

Kuskure na biyu a wurin saiti yake. Akwai saiti mai suna Threads, wato hannu nawa na furosesa injin zai riƙe. Idan furosesarka hannu biyu gare ta, ka ba shi ɗaya ka bar ɗaya ga allo da sauran aiki, in ba haka ba linzamin kwamfutar ma sai ya riƙa tsayawa. Akwai Hash, wato rabon RAM da injin ke ajiye yanayin da ya riga ya lissafa don kada ya maimaita. Yana zuwa a megabait 16, wanda ya yi kaɗan, amma mutane kan wuce gona da iri su ba shi gigabait 2 a kwamfuta mai gigabait 4, alhali Windows kanta ta cinye kusan rabi. Idan RAM ta ƙare sai tsarin ya koma aro daga faifan ajiya, wanda ya fi ta jinkiri ƙwarai, komai ya daskare. Megabait 256 ya ishe ka, kada ka wuce 512. Na uku shi ne MultiPV, adadin hanyoyin da injin zai nuna a lokaci guda. Kowace hanya da ka ƙara tana rage zurfin lissafi, don haka ka tsaya a biyu ko uku, domin abin da kake son sani yawanci shi ne ko takun da ka yi yana kusa da mafi kyau ko kuwa ya yi nisa.

Ka kuma lura da zafi. Inji ba ya hutawa muddin yana kunne, kuma ƙaramar kwamfutar cinya, musamman wadda ba ta da fanka, tana rage gudun kanta idan ta yi zafi. Ka ɗora ta a kan tebur ba a kan katifa ba, ka kashe injin idan kana karanta sharhi, kuma idan za ka sa shi ya duba wasanni da yawa a jere, ka haɗa caji ka ba shi daƙiƙa biyar zuwa goma a kowane taku. Wannan ya isa ya kama duk babban kuskuren da ɗan wasan kulob zai yi. Ni dai ra'ayina shi ne jinkirin injinka alheri ne a wani ɓangare, domin hanyar da ta fi koyarwa ita ce ka fara duba wasanka da kanka, ka rubuta inda kake zaton ka ɓata da abin da kake tunani a lokacin, sannan ka kunna inji a wurare uku ko huɗu da suka yi maka duhu. Wanda ya bar inji yana gudu tun takun farko yana kallon lambobi ne, ba ya koyon ganin allo.

Akwai kuma teburan ƙarshen wasa na Syzygy, waɗanda Ronald de Man ya fitar a 2013, masu ba da cikakkiyar amsa idan ƙwayoyi suka ragu. Na ƙwaya uku zuwa biyar duka ba su kai gigabait 1 ba, kuma su ne ya kamata ka sauke. Na ƙwaya shida sun kai wajen gigabait 150, na bakwai kuma terabait goma sha wani abu ne, saboda haka idan ka buƙace su ka duba a intanet.

A ɓangaren horo, Lucas Chess nake ba ɗalibai. Lucas Monge na ƙasar Sifen ne ya rubuta ta, kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma tana zuwa da injina masu yawa tun daga wanda yaro zai iya dokewa har zuwa wanda ba mai dokewa. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin karawa da Stockfish a cikakken ƙarfinsa ba ya koyar da komai sai karaya, idan kuma aka rage masa ƙarfi yakan yi taku na gwani sau goma sannan ya yi kuskuren da ɗan adam ba ya yi. A cikin Lucas Chess akwai Maia, wadda aka horar da wasannin mutane domin ta yi irin takun da ɗan wasa mai maki 1100 zuwa 1900 a ma'aunin ƙarfin 'yan wasa zai yi, har da irin kurakuransa. Ko da yake a kan tsarin Leela take, ba ta yin dogon bincike, saboda haka ba ta yi wa ƙaramar kwamfuta nauyi. Manhajar tana da malami da ke tsayar da kai idan ka yi mummunan taku, da dubban matsalolin dabara da ake maimaitawa har su zauna a ido, da wurin haddace hanyoyin buɗe wasa. Tana ɗan jinkirin tashi, kuma tana da rumbu nata, amma kada ka mayar da shi babban rumbunka, wannan aikin Scid ne. Manhajar Arena ma tana nan, mai sauƙi ƙwarai, sai dai ta fi dacewa da gwada injina da buga wasa da su fiye da horo mai tsari.

Idan kana samun intanet, Lichess, wanda Thibault Duplessis ya kafa a 2010, zai ɗauke maka wasu kaya masu nauyi, amma ka bambanta abu biyu. Idan ka kunna inji a allon nazari na shafin, furosesarka ce ke aikin a cikin burauza, kuma burauza kanta tana cin RAM sosai. Idan kuwa ka shigo da wasa ka nemi nazarin kwamfuta na dukkan wasan, wasu kwamfutoci ne a can ke yin lissafin su aiko maka da sakamako. Haka ma rumbun buɗe wasa na gwanaye da ke shafin, mai wasannin masu maki 2200 zuwa sama tun daga 1952, da teburan ƙwaya bakwai, duk a can ake bincika su, kwamfutarka kawai nunawa take yi. Ka rufe sauran shafuka yayin da kake wannan aiki, kuma kada ka bar Scid da injinta a kunne a baya.

Idan kana da ɗan abin kashewa, a kan na'urar ya fi dacewa ka kashe shi, ba a kan manhaja ba. Sauya faifai mai juyawa da SSD, wato ma'aji marar juyawa mai sauri, shi ne gyaran da za ka fi jin bambancinsa wurin buɗe rumbu da bincike, sai kuma ƙara RAM zuwa gigabait 8 idan akwai gurbi. Wasu ƙananan kwamfutoci an manne RAM da ma'ajinsu a jiki ba sa canzuwa, don haka ka duba kafin ka sayi wani abu. Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin furosesa da yawa ba sa karɓar Windows 11. Idan haka ta same ka, Linux mai sauƙi kamar Lubuntu ko Linux Mint na Xfce yana barin RAM mai yawa ga aikinka, kuma Scid vs. PC da ChessX da Stockfish da Lucas Chess duk suna da nau'in Linux.

Yadda zan tsara maka makon farko shi ne ka saka Scid vs. PC ka haɗa ta da Stockfish da ya dace da furosesarka, Threads ɗaya, Hash 256, sannan ka buɗe rumbu biyu, ɗaya na wasanninka kaɗai, ɗaya na fitowar The Week in Chess da ka tara. Ka shigar da wasanka goma na baya-bayan nan, ka yi musu sharhi da hannunka kafin ka kunna inji, ka kuma ware minti ashirin kullum ga matsalolin dabara a Lucas Chess. Duk ƙarshen wata ka fitar da rumbun wasanninka a PGN ka kwafe shi a filas ko ka aika wa kanka ta imel, domin faifan tsohuwar kwamfuta yana iya mutuwa ba tare da sanarwa ba, kuma wasannin gwanaye ana iya sake sauke su, amma sharhin da ka rubuta a kan naka babu wani wuri da yake sai wurinka.